Turawan da ke Ɗakin Baffa

Ni ne na fara cewa akwai Turawa a ɗakin Baffa. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin a gidanmu har yau in aka rasa abin dariya wannan ake ɗaukowa, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Ranar Lahadi ce bayan azahar. Inna ta zuba shinkafa da wake da soyayyen kifi ta ce in kai wa Baffa, ƙanen babanmu, wanda ɗakinsa ke jikin zaure. Baffa bai yi aure ba tukuna. Injin ɗaga kaya yake tuƙawa a tashar jiragen ruwa, wadda mu a unguwarmu ta Zongo muke kira por. Ɗakin nasa kuwa, da gado da akwati suka shiga, sauro ma sai ya karkace yake samun hanya.

Na tarar da ƙofa a kulle ta ciki. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa ke nan sai na ji an yi tari. Ba tarin Baffa ba ne, na san nasa. Wannan tari ne mai ƙiba, na mutumin da ya ci ya ƙoshi. Na kasa kunne. Sai ga ƙarar kofunan gilashi suna haɗuwa, wata mace ta kwashe da dariya, wani namiji ya yi magana da Ingilishi ta hanci, can kuma sai tafi, raf-raf-raf, har da mai fito.

Na dubi bakin ƙofa. Silifas ɗin Baffa ne kaɗai a wurin. Yaro mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni ma na yi tunanin, sai dai ga inda ya kai ni: ai Turawa ba sa cire takalmi.

Na dire kwano a ƙofa na koma ciki a guje. Na ce wa Inna Turawa biyar na ɗakin Baffa. Tana fama da wanke-wanke, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in ba ta wuri. Da na ga a gida ba a san darajar labari ba, sai na fita da shi. A bakin famfo na ce goma ne, har da mace. A teburin mai shayi na ga mutanen manya ne, goma ba za ta ishe su ba, na ce ashirin. Kafin magariba wani abokina ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa Turawa arba'in sun sauka a kwalekwale ta bakin ruwan Placodji, suna gidanmu, har da akwatin aika saƙo. Na ji daɗi ƙwarai da aka tabbatar mini da labarin.

Babu wanda ya tambayi Baffa. Baba ya yi tafiya Parakou kan harkar albasa, Inna ta manta, Kaka kuwa abin da ta ga dama shi take ji. Ni ma duk makon nan in na hango Baffa sai in rusuna in kauce, saboda mutumin da ke tara Turawa a ɗaki ba abokin wasa ba ne.

Wanda bai zauna ƙasarmu ba sai na ɗan yi masa bayani. Tun ina ƙarami aka yi juyin juya hali, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya. A lakwal, wato makaranta, kullum da safe muna jeruwa, mu dunƙule hannu, mu tsine wa emperiyalis, ɗan mulkin mallaka, tun kafin mu iya rubuta kalmar. Kowace unguwa tana da delege, wato wakilin hukuma, kuma duk taron da ba suna ba, ba aure ba, ba jana'iza ba, sai da saninsa. Delegenmu tela ne. An zaɓe shi ne saboda yana jin Faransanci kuma muryarsa tana tsallake titi biyu. Ba mugun mutum ba ne, shi ke ɗinka mini kayan Salla. Sai dai tun da ya samu muƙami hankalinsa ya rabu, duk wandon da ya ɗinka ƙafa ɗaya sai ta girmi ɗaya.

Labari ya iske shi a kan keke. Ya jira Lahadi ta zagayo don ya kama su da hannunsa.

Ranar kuwa ya zo da samari biyu 'yan kwamitin unguwa, ya sa rigar kaki a ƙarƙashin babbar riga, ga tef ɗin awo a wuyansa ya manta bai cire ba. Ya tura ɗaya bayan taga kada wani Bature ya tsere ta nan, ko da yake tagar nan, kyanwa ma sai ta yi azumi take wucewa. Maƙwabta suka cika zaure. Ni ina gaba, ƙirji a buɗe, tunda ni ne mai labari.

Cikin ɗaki aka yi tarin nan. Delege ya dube ni, na gyaɗa kai. Aka haɗa kofuna. Matar ta yi dariya. Wani dattijo a bayana ya ce a'uzubillahi.

Delege ya buga ƙofa. "Kamarad, buɗe da sunan juyin juya hali."

Aka amsa masa da tafi.

Ya sake bugawa da ƙarfi. Ƙofa ta buɗe, ga Baffa daga shi sai singileti da zane, ido a lumshe kamar wanda aka taso daga barci. Delege ya kutsa ciki. Ya duba bayan ƙofa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Har akwati ya buɗe. Su kuwa Turawa ba su fasa tafinsu ba, mai fito ma sai ƙara himma yake. Baffa ya miƙa hannu kan wani ɗan garmaho mai pil, wato batir, da ke bisa kujera, ya ɗaga allura da yatsa biyu. Shiru. Turawa arba'in suka ɓace lokaci guda.

Kada a ɗauka ba mu san faifai ba. Mun san na Kwango, mun san na Gana, mun san na Indiya, da na mawaƙanmu na arewa da direbobi ke kawowa. Amma duk waɗannan kiɗa ne tsaf, ya fara tsaf ya ƙare tsaf. Ba mu taɓa jin faifan da aka ɗauko da masu kallo a ciki ba, da tarinsu da kofunansu. Wani kukun jirgi ne, baƙin mutum daga Amurka, ya ba Baffa shi, Baffa kuma ya ba shi hula da kilishi. Jaz ake kiran irin kiɗan. Baffa na kulle ƙofa ne saboda a gidanmu ba a barin mutum ya saurari komai har ƙarshe.

Da mutanen zaure suka gane, wata maƙwabciyarmu ta fara ƙyalƙyalewa, sai kowa ya ɗauka. Saurayin da ke bayan taga ya leƙo yana tambaya ko an kama su. Nan dariya ta ƙaru. Delege yana durƙushe a gaban gado, ga yanar gizo a hularsa. Da ba a yi dariyar nan ba, na tabbata da maganar ta mutu a wurin.

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Taro taro ne," in ji shi, "ko a ɗaki ko a faifai. Wa ya ba su izini?"

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe..."

"Kamarad."

"Kamarad, ranka ya daɗe, mutanen nan a Amurka suke. Kuma tun ban fara gemu ba suka tashi daga taron."

"To me suka tattauna?"

Delege ya miƙa hannu ya ce a ba shi katin por har sai an gama bincike. Kati ne ɗan ƙarami mai hoton Baffa, amma in babu shi ko ƙofar tashar ba ya wucewa, kuma injin da yake tuƙawa akwai mutane da yawa da ke jiran ranar da zai yi fashi. Baffa ya ba shi. Sannan ya juyo ya dube ni. Na dubi rufin zaure kamar ranar na fara ganinsa.

Washegari Baba ya dawo. Da ya ji abin da ya faru, ya fara da kunnena na dama, ya huta, ya koma na hagu. Bayan la'asar ya aika aka roƙo delege ya zo a zauna. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo goro. Kaka ta ce ita ma sai ta ji Turawan da suka hana ɗanta aiki, ta zauna a bakin ƙofar ciki.

Baffa ya fito da faifan kamar mai ɗauke da jariri. A jikin kwalinsa akwai hoton wani baƙin mutum, ido a rufe, gumi a goshi, yana busa wata algaitar ƙarfe mai lanƙwasa kamar lofe. Baffa ya ce sunanta saksofon. Ya ce mutum huɗu ne kawai: mai busar nan shi ne shugaba, sai mai piyano, sai mai ganguna, sai mai wani ƙaton goge da ya fi mutum tsawo amma da yatsa ake kaɗa shi.

"Ina mawaƙin?" in ji Baba.

"Babu mawaƙi, Yaya."

"'Yan amshi fa?"

"Babu."

"To wa ake yi wa kiɗan?"

"Ba kowa."

Baba da delege suka dubi juna. Delege ya ce wannan shi ne abin da ya fi damunsa. Kiɗan da ba a faɗi mai shi ba, wataƙila wani sarki ake wasawa a ɓoye, alhali an hana wasa sarakuna.

Aka sa allura. Da farko mai busar ya fito da wata 'yar waƙa mai daɗi, gajera, irin wadda za ka iya bi da fito. Ya maimaita ta. Na ce a raina to ai wannan ba laifi. Daga nan sai ya sake ta ya kama gabansa. Ya hau, ya sauka, ya yi gunaguni kamar tsohon da aka taka wa ƙafa, ya yi ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ya yi shiru har ka ce ya tafi, sai ya faɗo ta inda ba ka zata ba. Mai ganguna yana bin sa yana zubar da kwanoni. Mai ƙaton goge shi kaɗai ne mai hankali a cikinsu, yana tafiya dum, dum, dum, kamar mai dakon da ya san hanya.

Kaka ta saurara, ta ce, "Wannan yaron aikensa aka yi. Ya fita da saƙo a baki, ya biya kasuwar Dantokpa ya tsaya kallo." Can da daɗewa, da 'yar waƙar nan ta farko ta dawo, sai ta tafa cinya. "Ga shi nan ya dawo gida. Irin mijina ne." Ni take nufi. Haka take kirana in za ta ci mini mutunci.

Na ga dama ta samu in gyara ɓarnata. Na ce, "Kamarad delege, mushe, malaminmu, ya gaya mana a lakwal baƙaƙen Amurka su ne emperiyalis ya fi zalunta. Wannan kukan da kake ji na talakawa ne. Kiɗan gwagwarmaya ne."

Baba ya ce in rufe baki. Amma delege ya ɗan gyara zama, na ga maganar ta shige shi.

Sai kiɗan ya ƙare, tafi ya ɓarke. A zaure ya fi yadda na ji shi ta ƙofa, kamar ruwan sama a kan kwano. Delege ya daina tauna goro. Da tafin ya lafa ya ce, "Maimaita wurin nan." Baffa ya maimaita. Ya ce a sake. Wannan karon har ya lumshe ido.

Dalili kuwa shi ne, delege ya sha yin jawabi a unguwa amma ba a taɓa yi masa tafi ba. Ba don ƙiyayya ba. Dattawan Zongo ba sa tafi, a wurinsu tafi na mata ne a biki da yara a dandali. In ka yi magana mai kyau su ce madalla. In ka yi marar kyau su ce to. Hannunsu na kan carbi ko ta yaya. A sauran unguwanni kuwa, delege na rufe baki ake tafawa har ƙura ta tashi, kuma manya suna lura da wannan.

Ya buɗe ido ya ce ranar Asabar wani babban kamarad zai zo daga ofishin gunduma ya ga yadda Zongo ta karɓi juyin juya hali. Za a sa lasifika. In aka ɓoye garmaho aka kara masa mikro, abin magana, duk inda jawabi ya kai gaɓa aka saki tafin nan, to bincike ya ƙare, kati ya koma hannun mai shi.

Baffa ya ce, "Kamarad, ba a yi wa faifai haka. A ɗora a ɗaga, a ɗora a ɗaga a wuri ɗaya, ciwo zai ji."

"Faifai ko kati," in ji delege.

Baffa ya dubi mai busar da ke jikin kwali, sannan ya ce to.

Delege ya ƙara da cewa Baffa a layin gaba zai zauna, kowa ya ga kamarad ɗin da ya gyaru. Wanda zai riƙe allura sai a nemo. Baba ya ce ba sai an nema ba, wanda ya kawo Turawa shi zai sallame su.

Haka na samu shiga ɗakin da ban taɓa wuce ƙofarsa ba. Duk kwanakin nan Baffa na gida, ya aika por cewa zazzaɓi yake yi, kuma in ka ga fuskarsa ba za ka ce ƙarya ba ne. Da na dawo daga lakwal sai ya kira ni. Ya nuna mini yadda ake karkata faifai wajen haske, a ga inda layukan suka canza launi kusa da tsakiya. Nan tafin yake. Ya koya mini riƙe allura kamar mai cire ƙaya daga idon wani.

"In ka kuskure wuri," in ji shi, "kada ka fizge. Hannu mai rawa shi ke yanka faifai. In ka ji hannunka na rawa, bar shi ya tafi. Ka ji ko?"

"Na ji, Baffa."

"Ba ka ji ba. Maimaita."

Ba ya yarda mu yi gwaji da yawa, saboda kowace ɗorawa a jikinsa yake jin ta. Sauran lokacin sai ya sa faifan tun daga farko, mu zauna, shi a gado ni a akwati. Ya ce inda aka ɗauki faifan wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, mutane na cin abinci suna sha, mutum huɗun nan a lungu. Abin da suka busa ranar ba su taɓa busa shi haka ba, ba su kuma sake ba. Ya ce shi ya sa ya fi son wannan a kan faifan da aka share aka goge.

A hankali na san mutanen ciki. Mai tari sau biyu yake yi, na biyun yana ƙoƙarin dannewa. Matar nan tana dariya ne daidai inda mai busa ya yi wani ɗan wasa, wato ita ta gane shi. Akwai wani da ke cewa wani abu ƙasa-ƙasa duk lokacin da busar ta yi masa daɗi, kamar yadda tsofaffi ke cewa na'am a wajen wa'azi. Na tambayi Baffa ko mai tarin ya warke. Ya ce bai sani ba, amma a nan ɗakin dai kowace Lahadi sai ya yi. Wannan ne karo na farko da ya yi mini murmushi tun ranar katin.

Alamar da muka shirya da delege mai sauƙi ce. In ya taɓa hularsa, in saki tafi.

Asabar ta zo da rana mai narka kwalta. A filin da ake ajiye manyan motoci aka yi taron. Aka jera benci, dattawa suka zauna da carbinsu, mata suka tsaya can gefe, yara suka hau duk abin da ke hawuwa. Ni ina cikin bayan wata kamiyo, babbar motar kaya, da aka lulluɓe da tamfol, da garmaho a gabana da mikro, ina leƙe ta wata huda. Cikin motar warin albasa ne da zafi, na tabbata da an bar ni har yamma da an same ni na dahu.

Babban kamarad ya iso a mota, siriri, mai tabarau, da alamar tun safe yake jin jawabai. Aka zaunar da shi yana fuskantar jama'a. Delege ya hau kan tebur da hular Sallarsa sabuwa, wadda sitaci ya sa ta tsaya kamar bokiti.

Ya fara da Faransanci, yana juyawa da Hausa. "Kamarad, Zongo ta farka." Ya taɓa hula.

Na ɗora allura daidai. Tafi ya fito ta lasifika ya cika fili, ya bugi bangon masallaci ya dawo. Tumakin da ke ɗaure a gefe suka zabura. Babban kamarad ya ɗago kai ya dubi benci. Dattawa na zaune, hannu a kan carbi, ko gira ba ta motsa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Delege kuwa ya ƙara tsawo a kan tebur. Baffa a layin gaba ya runtse ido kamar shi aka soka wa allurar.

Da a haka aka ci gaba da na zama gwarzo. Amma ba wanda ya yi lissafi da sabuwar hula a cikin rana. Gumi ya fara bin goshin delege, sitaci ya fara cizonsa.

"Sai dai, kamarad, muna da damuwa. Kwatocinmu sun toshe, sauro ya ishe mu." Ya sosa ƙarƙashin hula.

Ni umarni aka ba ni. Na saki tafi.

Delege ya waiwayo wajen kamiyo da ido ja. Ya ci gaba. "Famfon unguwa ya lalace, matanmu na shan wahala." Ƙuda ya sauka masa a hula, ya kore shi.

Tafi, har da mai fito.

Mata a gefe suka fara toshe baki da mayafi. Wani dattijo ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfi saboda kurma ne, "Wai su wa ke murna da lalacewar famfo?" Babban kamarad ya sake cire tabarau.

Daga nan delege ya ɗaure hannayensa a baya don kada su kai ga hula. Ya yi ta jawabi a haka kamar ɗan fursuna, gumi na shiga masa ido. Da ya kai inda yake son tafi da gaske, inda ya ce Zongo za ta bi juyin juya hali har ƙarshe, sai ya kwance hannu ya dafe hula da tafin hannu gaba ɗaya.

Yatsuna sun jiƙe sharkaf. Allura ta sulluɓe ta sauka can baya, nesa da wurin tafi. Abin da ya fara fitowa ta lasifika dariyar matar nan ce, tas, a tsakiyar fili. Sai saksofon ya biyo ta.

Na kai hannu zan ɗaga, na ga hannun na kaɗawa kamar ganye. Maganar Baffa ta faɗo mini. Na soke hannayena biyu a hammata, na bar shi ya tafi.

Ban taɓa jin busar nan da girma haka ba. A ɗakin Baffa mutum ne ke magana, a fili kuwa sai ta zama kamar jirgin ruwa ya shigo Zongo yana neman wurin tsayawa. Delege ya ɗaga murya don ya danne ta. Ya faɗi jimla, ya tsaya ya ja numfashi, saksofon ya amsa masa. Ya sake faɗa, aka sake amsawa, har da ɗan gunaguni a ƙarshe. Rannan Baba ya tambayi inda 'yan amshi suke, to ga su an samu. Delege ya cire hula gaba ɗaya yana kaɗa mini ita, amma wannan ba ta cikin alamun da muka shirya. Yara suka diro daga kan motoci suka kama rawa, kowa da tasa, don kiɗan ba ya gaya maka inda za ka sa ƙafa. Ta hudar tamfol na hango Baffa. Idonsa a rufe, katinsa na tafiya a banza a gaban idon kowa, amma babban yatsan ƙafarsa na bin mai ƙaton goge, dum, dum, dum.

Babban kamarad ya dubi agogonsa, ya miƙe. Ashe ya ɗauka kiɗan rufe taro ne. Ya je ya kama hannun delege, wanda ke kan tebur da sauran rabin jawabi a ciki, ya girgiza, ya faɗa masa wata magana a kunne. Dattawa da suka ga baƙo ya tashi, ga la'asar ta gabato, su ma suka miƙe suna kaɗe riguna. Mai busa ya gama yawonsa ya dawo kan 'yar waƙarsa ta farko, ya ja ta a hankali ya ajiye. Daidai lokacin da baƙo ya sa ƙafa a mota, tafi ya zo da kansa, a wurinsa, ba wanda ya taɓa allura. Baƙo ya juyo ya ɗaga wa dattawa hannu. Suka ce madalla.

A lakwal in ina ba da labarin nan, nakan ce babban kamarad ya yi rawa har tabarau ya faɗi, ya kuma nemi a kai ni gidan rediyo. Wani lokaci nakan sa liman ma ya ɗan girgiza kafaɗa. Duk ba a yi ba. Abin da ya faɗa wa delege a kunne, kamar yadda ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya gaya wa mai shayi, shi ne a duk unguwannin da ya zaga ranar, nan ne kaɗai aka gama da wuri.

Delege bai zo gidanmu ba. Washegari ya aiko yaron shagonsa da wani wando da Baffa ya kai ɗinki tun kafin azumi, katin na cikin aljihu. Ƙafar hagu ta girmi ta dama. Ranar Litinin Baffa ya sa shi a haka ya tafi por, ya tarar an ba wani injinsa, sai da ya yi makonni yana aikin ƙasa kafin a mayar masa. Faifan ya samu tabo a wurin tafi, yana yin ƙas, ƙas, ƙas, don haka yanzu da busa ta ƙare Baffa ke ɗaga allura, ba ya bari a tafa. Ranar Lahadi in na zauna a bakin ƙofarsa ba ya kora ta, wani lokaci har ya ɗan buɗe ta. Abinci kuma ƙanwata ce ke kai masa.